Nawar Kwamfutar Mai Hoto

Mai Hoto mutum ne da jira bai taɓa damunsa ba. Tun yana saurayi, zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, aikinsa ke nan: ya tsoma farar takarda cikin ruwan magani, ya harɗe hannu, ya zuba ido har fuska ta fara fitowa, hanci tukuna, sannan idanu, kunnuwa can daga baya. Da zamani ya juya aka kwashe farantan magani aka kawo kwamfuta, abokan sana'arsa da yawa suka ce su kam sun tsufa da koyon sabon karatu, suka rufe shago. Shi ko a jikinsa. Ya lura ita ma kwamfutar jira take sa mutum, sai ya ji hankalinsa ya kwanta da ita.

Shagon nasa ɗaki ɗaya ne da rabi. A rabin akwai labule mai zanen teku wanda ya koɗe har tekun ya koma ruwan toka, da fitilu biyu masu lema, da doguwar kujerar da ake ɗora mai son hoton fasfo. A cikakken ɗakin kuma akwai tebur, kwamfuta, injin buga hoto, butar shayi ta lantarki, da wata kujerar katako a gefen tebur inda mai kawo aiki ke zama ya zaɓi hotunan da za a buga masa. Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya yi dariya kafin ya tashi, don Mai Hoto akwai baki. Jariri mai tsala ihu ya san yadda zai sa shi washe dasashi. Ɗan sandan da ya shigo fuska a murtuke ya sha fita da hoton da matarsa ta ce ba shi ba ne.

Amma fa bakin nan na kasuwa ne. Da zarar magana ta zo kan abin da ke ransa, sai harshen ya naɗe. Marigayiya matarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha gaya wa 'ya'yanta cewa da ta biye masa, da har yanzu suna tsaye a ƙofar gidansu yana yi mata bayanin yadda ake saita haske.

Manhajar da yake aiki da ita a kwamfutar, 'yarsa ta ƙarshe ce ta rubuta masa, wadda kowa ke kira Auta, tun tana ɗaliba. Aikin manhajar bai taka kara ya karya ba: a soka filas, ta jero hotunan da ke ciki ƙanana-ƙanana kamar akwatin ashana, mai aiki ya nuna wanda yake so, a danna ya buɗe, a buga. Lokacin da aka rubuta ta hotuna ba su da nauyi, tana yi ba laifi. Sai wayoyi suka ƙara ido, hotuna suka yi ƙiba, manhaja kuwa tana nan yadda take. Yanzu in aka soka filas sai fankar cikin kwamfutar ta fara kuka, fuskar kwamfutar ta sandare, wani ɗan zobe ya fito tsakiya ya yi ta juyawa. Hoto ɗaya ya leƙo. A jima. Wani ya leƙo. Masu gaggawa su yi tsaki su ce, "Malam, kwamfutar nan taka akwai nawa." Shi kuma ya ce ai ba nawa ba ce, natsuwa ce.

Gaskiyar magana, da ya so da tuni ya kira Auta ta gyara. Bai so ba ne, kuma dalilin yana da shago a kwanar layin.

Mai Ɗinki ke nan. Mace ce da ta manyanta, mijinta ya rasu da daɗewa, kullum tef ɗin awo na rataye a wuyanta ko da kuwa gaisuwa za ta je, ga tabarau a kan hanci tana kallon mutum ta samansa kamar tana ƙiyasta yadi nawa zai ci. Duk rigar da ta ɗinka sai ta ɗauki hotonta da waya, 'yar ɗakinta ta juye mata a filas, ta kawo wa Mai Hoto ya buga, ta saka a albam ɗin da mata ke dubawa su zaɓi ɗinki. Hotunanta sun fi na kowa nauyi. In aka soka filas ɗinta, zoben nan sai ya yi juyin da ruwa zai tafasa, a haɗa shayi, a sha, a ƙara.

A cikin wannan juyin ne suka san juna. Ya san gwiwarta ta hagu na damunta in sanyi ya shigo. Ta san ba ya cin abincin rana sai an tuna masa. Ta ba shi labarin matar da ta rantse ƙugunta bai ƙaru ba, tef ne ya tsuke. Ya ba ta labarin angon da ya nemi a ƙara masa tsawo a hoto. Sun yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi. Yana sonta, wannan ba abin musu ba ne, ko butar shayin ta sani. Kullum in ya hango ta tana tsallako titi sai ya ce a ransa yau zai faɗa kafin hoton ƙarshe ya buɗe. Kullum kuma hoton ƙarshe sai ya buɗe ya same shi yana bayanin bambancin takarda mai sheƙi da marar sheƙi.

Ya kuma lura da wani abu da ya ɓoye a cikinsa. Hotunan da take kawowa, da yawansu ya riga ya buga su. Doguwar rigar nan mai hannun malam-buɗe-littafi ta shigo shagonsa ya fi a ƙirga. Ya ɗauka mantuwa ce irin ta girma, ya kama bakinsa, don kowane tsohon hoto ƙarin juyi ne ga zoben.

Ana haka sai Auta ta zo hutu. Ita kuwa Auta tun daga haihuwa ba ta gaji ubanta ba, don ungozoma ma a hanya ta ji labarin an sauka. Yanzu tana aiki a wani kamfanin rubuta manhaja, kuma babu abin da ke tayar mata da hawan jini kamar ta ga kwamfuta na tunani. Ranar da ta leƙa shagon ta tarar da zoben na juyi, wani mai neman hoton takardar aiki na gyangyaɗi a kujera, sai ta dafe kai.

"Baba! Wannan abin da na rubuta ne kake amfani da shi har yau?"

"Me ya same shi? Lafiyarsa ƙalau."

"Wallahi in abokan aikina suka ga wannan, sai na canja gari. Matsa in gani."

Ta ja kujera, ta buɗe cikin manhajar, tana karantawa tana salati. Mai Hoto ya tsaya a bayanta.

"Ka ga abin da take yi," in ji ta. "Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne, miliyoyi. Ita kuma sai ta kwance hoton gaba ɗayansa, ta shimfiɗa shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk girmansa, sannan ta zo ta matse shi ya koma ɗan mitsitsi. Ta gama da wannan tukuna ta ɗauko na gaba. Kuma da hannun da take kula da fuskar kwamfutar take wannan dakon, shi ya sa komai ke sandarewa. Gobe a kawo hoton nan dai, ta sake daga farko kamar ba ta taɓa ganinsa ba."

"To ai aiki ne na tsanaki."

"Aiki ne na wauta, Baba, kuma ni na yi shi. Zan sa ta riƙa karanto hoton a rage tun daga fayil, ba sai ta kwance shi duka ba. Kwamfutar nan hannu huɗu gare ta, uku na zaune suna hamma, zan raba musu aikin a bayan fage. Waɗanda ido ke gani a fuska su za a fara buɗewa. Duk ƙaramin da ta yi kuma ta ajiye shi, gobe ɗauko shi kawai za ta yi."

Mai Hoto ya gyara murya ya ɗauko fuskar dattaku. "Ni dai tun da nake sana'ar nan ban taɓa rage wa kowa girma ba. Mutum ya kawo hotonsa da girmansa, ki ce za ki karanto shi a rage?"

"Girmansu na nan a fayil, Baba, ba wanda zai taɓa. Na kallo kawai nake ragewa."

"Kin zo hutu ne fa. Ki huta mana."

"In na gyara wannan zan huta."

Ya kawo maganar wutar lantarki, ya kawo maganar tsufan kwamfuta, har ya ce likitoci sun ce yawan sauri na ɓata ido. Auta ta dube shi ta ce wane likita, ya ce ya manta sunansa. Kafin la'asar Auta ta gama gyaran.

Washegari da hantsi sai ga Mai Ɗinki. Suka gaisa, ta zauna a kujerar katako, ta gyara zaman gwiwarta kamar mai shirin doguwar tafiya. Ya kunna buta. Ya soka filas. Bai ma ɗauke hannunsa ba hotuna suka cika fuskar kwamfuta reras, kowanne a mazauninsa, fanka ko tari ba ta yi ba.

Su biyun suka zuba wa hotunan ido.

"Ikon Allah," in ji Mai Ɗinki. "Yau kuma?"

"Auta ce ta gyara."

"Allah ya yi mata albarka." Muryarta ba ta yi kama da ta mai sa albarka ba.

Ta nuna uku, ya buga, ya saka a ambulan. Ta tashi, don ba ta da dalilin zama, shi ma bai da dalilin tsayar da ita. Tana fita butar ta fara ƙara. Ya tsaya shi kaɗai da kofi biyu a hannu, baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ya da wanda zai kai wa ƙara, tunda 'yarsa alheri ta yi masa.

Masu kawo aiki kuwa sai yabo. Mai gyangyaɗin nan ya ce yanzu shago ya zama shago. Mai Hoto ya riƙa amsa yabon kamar mai karɓar gaisuwar rashin lafiya.

Zuwan Mai Ɗinki na gaba ne Allah ya kawo masa abin da ya zaci mafita ce. A cikin hotunan akwai wani sabon yadi mai siraran layuka, fari da shuɗi. A ƙaramin hoton sai layukan suka rikice, suka zama wasu manyan igiyoyi masu lanƙwasa kamar an zuba mai a ruwa.

"Wannan ba yadina ba ne," in ji ta, tana leƙe ta saman tabarau. "Ni layina a miƙe yake."

Mai Hoto ya ji wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya ɗaga waya nan take. "Auta, zo ki ga ɓarnar da saurinki ya yi. Ki zo ki mayar min da tsohuwar manhajata, na gode."

Auta ta iso, ta gaida Mai Ɗinki har da russunawa, ta duba, ta yi dariya. "Laifina ne, Mama. Garin sauri na sa ta riƙa ɗaukar ɗigo ɗaya tana tsallake na kusa da shi. A fuskar mutum ba a ganewa, amma a siririn layi, wani lokaci ta faɗa kan fari, wani lokaci kan shuɗi, shi ne ya haifi wannan. Zan sa ta karanto shi da ɗan girma, sannan ta gauraya kowane ɗigo da maƙwabtansa kafin ta rage. Layinki zai miƙe."

"Zai ƙara daɗewa ke nan?" Mai Hoto ya tambaya, da fatan da bai iya ɓoyewa ba.

"Ƙiftawar ido, Baba."

Tana gyarawa tana magana. "Amma Mama, hotunanki sun yi girma da yawa. Na albam ai ba ya buƙatar haka, wannan ko bangon gida za a rufe da shi ya isa. Kawo wayar in rage miki."

Mai Ɗinki ta damƙe wayar ta kai ƙirji. "A'a, 'yata, bar min kayana. Ni na ce a sa min a mafi girma."

"Don me, Mama?"

"Haka nake so."

Auta ta ɗago ta dube ta. Ta juya ta dubi ubanta, wanda ke goge kofin da ya riga ya goge. Ta mayar da kai kan aikinta. Layuka suka miƙe sambal, aka buga, Mai Ɗinki ta tafi, buta ba ta ko yi ɗumi ba.

Da yamma suna rufe shago, yana naɗe wayar fitila, ya yi ta kewaye-kewaye har dai ya fito da ita.

"Auta, wai ba za ki iya sa mata ɗan nawa ba? Kaɗan dai. Ba ga kowa ba. Ga wasu filas ɗin."

"Wane filas, Baba?"

"Masu nauyi. Kar a wahalar da kwamfutar."

Auta ta zauna a kujerar katako ta harɗe hannu, sak uwarta. "Zan iya. Layi ɗaya ne, in ce mata ta yi barci kafin kowane hoto. Amma bari in gaya maka abin da na gani. Ka san na ce manhajar na ajiye ƙananan da ta taɓa yi? Yau da aka soka filas ɗin Mama, sababbi ba su fi yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk ta san su."

"Na sani. Mantuwa ce. Girma ya zo."

"Baba. Matar da ta haddace awon matan unguwar nan kaf a kanta, har da waɗanda suka yi ƙiba suna musu? Ita ce za ta manta rigar da ta buga? Ita ta sa aka cika wayarta da hoto mai nauyi. Ita ke cusa tsofaffi a filas. Kai kana nan kana lallaɓa kwamfuta kar ta yi sauri, ita tana can tana ɗora mata kaya. Ku biyu kun haɗu kuna azabtar da baiwar Allah, fanka na kuka, ba wanda ya tausaya mata."

Mai Hoto ya tsaya da wayar fitila a hannu. Kunya ta kama shi, daɗi ya kama shi, ya rasa wanda zai fara ji.

"Ke dai ba ki da ta ido," ya ce da ƙyar.

"Ba zan rubuta layin nan ba, Baba. Zoben nan ya yi maka juyin da zai yi. Umma ta ce min ita ta ƙarasa maka maganar a lokacinta. Wannan karon kai za ka ƙarasa da bakinka."

Hutu ya ƙare, Auta ta koma, ta bar shi da kwamfuta mai saurin tsiya.

Sai kuma Mai Ɗinki ta ɗauke ƙafa. Ranar da ta saba zuwa ta wuce, wata ta zagayo ta wuce. Yana hango shagonta a buɗe, yana jin ƙarar kekenta in titi ya yi shiru, amma ba ta tsallako ba. To me za ta zo yi? Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jira bai taɓa sanin jira na da ciwo ba sai yanzu. Ya yi wa wani yaro hoton fasfo da rabin kunne. Sau biyu ya fito har bakin titi, ya tuna ba shi da rigar da ta yage, ya koma. Har ya kai ga duban hannun rigarsa yana tunanin ko ya taimaka mata ta yage.

Ran nan da rana tsaka, yana goge lemar fitila, sai ya ji sallama. Ita ce, ba tef a wuya. Bai taɓa ganin wuyanta ba tef ba. Suka gaisa a tsaitsaye. Ta miƙa filas, ba ta zauna ba.

Ya soka. Hoto ɗaya ne tak a ciki, kuma kafin ya ja numfashi ya buɗe.

Ita ce a hoton. Tana tsaye a ƙofar shagonta, sanye da yadin nan mai layin fari da shuɗi, ashe wa kanta ta ɗinka. Layukan a miƙe. Ta cire tabarau, tana murmushin wanda bai saba a ɗauke shi hoto ba.

"Wa ya ɗauka?" ya ce. "Ai ya sa kin ba rana baya ne, shi ya sa gefen fuskar ya yi duhu. Da ya matsa hagu kaɗan, ya bar hasken ya zo ta..."

Ya ji abin da bakinsa ke yi. Ya tsaya. Babu zobe a fuskar kwamfuta, babu fanka, babu hoton gaba da za a jira. Ita ce kawai a tsaye, da ita a hoto, duka biyun suna kallonsa.

Ya danna, injin ya ja takarda, mai sheƙi, bai tambaye ta wacce take so ba. Hoton ya fito da ɗuminsa. Ta buɗe jaka tana laluben kuɗi, idonta a ƙasa.

"To, Malam, nawa ne?"

Ya riƙe hoton ta gefe-gefe yadda ya saba, don kar yatsa ya ɓata shi. 

"Nawa ne," ya ce.

"Ai tambayarka nake. Nawa ne?"

"Na ji, Malama. Amsa na ba ki." Ya zura hoton a aljihun gaban rigarsa, ya dafe da tafin hannu. "Wannan nawa ne. In mai shi ta yarda."

Mai Ɗinki ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau, irin kallon da take wa yadi kafin ta sa almakashi. Sannan ta rufe jaka. Ta ja kujerar katako, ta zauna, ta gyara zaman gwiwarta.

"Kai dai, Malam, ka fi tsohuwar kwamfutarka nawa," ta ce. "Kunna butar."

Ya kunna. Ruwan da sanyinsa, kuma Auta ba ta taɓa butar ba.